Baba Ya Yi wa Jininsa Kwalliya

Mama ce ta fara ganin abin, a jikin safa. Tana cikin ware kayan wanki ta ɗaga ta ƙafar dama, ta ga wani tabo mai ruwan ƙasa daidai gindin babban yatsa, ya bushe ya yi tauri. Ta kai hanci ta janye da sauri. Da ta kira ni a waya ko gaisuwata ba ta tsaya amsawa ba, cewa ta yi, "Ki zo ki ga ƙafar ubanki, ni ya hana ni gani." A kan ƙafar nan duk abin da zan faɗa ya faru, amma ba za a gane yadda muka kai ga haka ba sai an san wane ne Baba.

Dillalin motoci na hannu ne tun kafin a haife ni. A filin da suke jera motoci ba mai kiransa da sunansa, Leƙa-ƙasa suke ce masa, don in aka kawo mota, mai ita yana tsaye yana zuba mata yabo, shi kuwa Baba ya riga ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta da tocila. Bakin mai mota ba ya cikin abin da yake saurara. Ya ce duk wanda zai rabu da motarsa yana da dalili, kuma dalilin da ya faɗa ba shi ne dalilin ba. In aka ce ya zo da hantsi ya duba, sai ya yi sammako ya ɗora tafin hannu a kan bonet, murfin injin. In ya ji ɗumi, ya san an tayar da injin tun da wuri don kada a ji tarinsa na safe. Akwai wani ɗan maganaɗisu da ba ya rabuwa da aljihunsa, yana bi da shi jikin mota a hankali, duk inda ya ƙi kamawa ya san ba ƙarfe ba ne a ƙarƙashin fentin, ciko ne.

In kuma shi ne zai sayar, nan ake ganin ɗaya fuskar. Mota sai ta fara biyawa ta wurin amininsa Mai-fenti, a rufe tsatsa, a zuba mata baƙin mai mai kauri don injin ya yi shiru, a wanke ƙarƙashinta tas don kada a ga inda take yoyo. Kwalliya yake kiran wannan, kuma har gobe ba ya yarda cewa ha'inci ne.

"Ni ban taɓa ce wa mutum mota lafiyarta ƙalau ba," in ji shi. "Cewa nake yi ga ta nan, duba. In idonka bai gani ba, laifin wa?"

A cikin wannan muka taso. In ka ce masa malamin makaranta ya yabe ka, sai ya ce me yake nema. In maƙwabci ya cika gaisuwa, to aro zai zo. Ranar da mijina ya fara zuwa gaishe shi, Baba bai dubi fuskarsa ba, dunduniyar takalminsa ya duba, wai daga nan ake gane mai yawon banza. Ina son Baba ƙwarai, amma zama da shi akwai gajiya. Ni ce 'yar farinsa, Uwata yake ce mini, kuma duk cikin 'ya'yansa ni na fi ɗebo halin nan nasa, shi ya sa muka fi kowa yin faɗa.

Zarginsa mafi girma kuwa likitoci ya ajiye wa. Yayansa, wanda muke ce wa Baba Babba, ya shiga asibiti da ƙafafunsa biyu saboda ciwon sukari, ya fito da ɗaya da sanda. Tun daga ranar Baba ya yanke hukunci. Likita a wurinsa mai saye ne, aibu yake nema, in ya samu ya karya maka daraja, ya ce a cire wannan a cire wancan. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana leƙa ƙarƙashin kayan mutane ba ya son a leƙa nasa. Da ma wanzami ba ya son jarfa.

Shekarun baya sai muka ga ya fara canzawa. Gorar ruwa ba ta barin hannunsa, ya sha ya cika ya sake sha. In kuna hira sai ya tashi zagayawa, kafin a kai ƙarshen labari ya sake tashi. Ya rame har ya ƙara wa bel ɗinsa huji da ƙusa. Muka haɗu muka matsa masa lamba, da ƙyar ya yarda aka je wani ƙaramin asibiti kusa da gida. Suka ce ya dawo da safe kada ya ci komai, za a auna jini. Ya koma, aka auna, aka ce sukarinsa daidai yake. Ya fito yana fifita da takardar, yana ce mini, "To Uwata, sai a nemi wani aibun."

Ban yarda ba. Ruwa ba ya tsami banza. Bayan wasu watanni na sake jan sa, aka sake cewa daidai. Na tsaya a tagar ɗakin gwaji na ce wa mai ɗibar jinin ko dai kwalaben yake haɗawa, ya dube ni sheƙeƙe ya ce in ban yarda ba ga hanya nan. Na bi hanyar kuwa, na kai Baba wani wurin daban, sakamako bai canza ba. Har na fara tunanin ko wani mugun abu ne yake cin sa a ciki wanda ba a gani a jini. Mama ta ce tsufa ne, in bar bawan Allah ya huta. Ba wanda ban zarga ba a lokacin, daga na'urarsu har idona.

To, ranar da Mama ta kira ni a kan safa, na iske shi zaune a falo sanye da takalminsa sau-ciki, wanda ba ya cirewa sai zai kwanta, wai dillali da silifa ba ya sayar da mota. Na ce ya cire in gani. Ya ce takalmi ne ya ɗan cije shi. Na ce ko dai mu je babban asibiti, ko kuma in kira ƙannena da ƙannensa duka su zo su cika masa falo. Sai ya ce to, za shi, amma a bari sai mako mai zuwa, yana da ciniki a hannu. Saurin yardar nan ya tsaya mini a rai. Baba ba ya karɓar tayin farko, ko da na ruwan sha ne.

Da makon ya zagayo muka je da safe, ni da shi da Mama. Zauren jira cike yake, bencina a jere, fanka tana juyawa ba ta kawo iska. Ba mu daɗe da zama ba na ga gumi yana tsattsafo wa Baba a goshi. Hannunsa na rawa, ya ɓoye shi a ƙarƙashin cinya. Na yi masa magana ya daka mini tsawa, ya sake maimaita tsawar kamar bai san ya yi ta farko ba. Wata nas da ke wucewa ta tsaya ta dube shi, ta ɗauko ɗan abin awo ta soki yatsansa. Tana ganin abin da ya fito ta juya da gudu, ta dawo da lemo mai zaƙi ta kafa masa a baki. Ta ce sukarinsa ya faɗi ƙasa sosai. Mutumin da nake zargin sukari ya yi masa yawa, ga shi ana ɗura masa sukari. Kaina ya ɗaure.

Da ya dawo hayyacinsa aka tsallake layi da mu. Likitar mace ce mai furfura kaɗan a gaban goshi, ba ta da saurin magana. Tana zaune a kan wata 'yar kujera mai taya wadda ke yin ƙara duk lokacin da ta motsa. Ta karɓi tsofaffin takardun gwajin da na zo da su, ta duba sama-sama ta ajiye, ta juya ta zuba wa Baba ido. Na lura ba fuskarsa kawai take kallo ba. Ta dubi gorar da ke hannunsa, ta dubi bel ɗin, ta dubi yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Baba, me yake damunka?"

"Ni? Ba komai. Su ne suka ce in zo."

"Kana yawan jin ƙishirwa?"

"Kamar kowa."

"Fitsari fa?"

"Wanda ya sha ruwa ai dole ya yi."

"Ƙafafunka suna yi maka wani iri? Kamar tafiyar kiyashi, ko kamar sun yi barci?"

"Likita," in ji Baba, yana murmushin nan nasa na filin mota, "ga ni nan, ki duba. Ai aikinki ne."

Ita ma ta yi ɗan murmushi. Ta ce rabin aikin likita a bakin mara lafiya yake, amma ba komai, za ta fara da ɗaya rabin. Ta haska idonsa, ta duba harshensa, ta auna hawan jini, ta ɗan ja fatar bayan hannunsa ta saki. Sannan ta dafa takardun ta ce, "Jikin nan da takardun nan kamar ba na mutum ɗaya ba. Kuma wanda ba ya shan maganin sukari da wuya sukarinsa ya faɗi yadda naka ya faɗi yau. A gidanku wa yake shan maganin sukari?"

Na dubi Mama, Mama ta dube ni. Wallahi a daƙiƙar nan har ita na zarga, na ce ko wata ƙawarta ta ba ta wani abu tana zuba masa a shayi. Mama ta ce babu kowa.

"Jiya me ya ci?"

"Ai ba ya ci in za mu zo," in ji Mama, da zuciya ɗaya. "Tun ana saura kwanaki yake fara shiri. Ba shinkafa, ba burodi, shayi ma ba sukari, sai ɗan dafaffen ganye. Ya ce haka kuke cewa a yi."

"Wa ya tambaye ki?" in ji Baba.

Biri ya yi kama da mutum. Ciniki a hannu, ashe jininsa ne ya kai wurin kwalliya. Haushi da kunya suka kama ni a haɗe, don na tuna mai ɗibar jinin da na tsaya ina yi wa tijara. Na buɗe baki, likita ta ɗaga mini hannu. Ta kira nas ta ce a ɗebi jininsa yanzu.

"A'a, ba a haka," in ji Baba. "Yanzun nan aka ba ni lemo. Ku sa mini rana in dawo."

"Wannan gwajin ba ruwansa da lemon yau, ba ruwansa da yunwar jiya," in ji ta. "Sukari yana manne wa ƙwayoyin jini, Baba, kuma ba ya sakin su har su mutu. Su kuwa sukan yi wata biyu zuwa uku suna yawo a jiki. Abin da ka ci a duk tsawon nan yana jikinsu."

Ni da Mama sai da muka yi tunani kafin mu gane. Baba kuwa nan take ya gane, na gani a fuskarsa. Mutumin da ya san yadda ake mayar da mitar mota baya, yau an nuna masa wadda ba ta komawa. Ya miƙa hannu aka ɗebi jinin.

"Saura ƙafa," in ji likita.

Ya cire takalmin hagu da kansa, yana jan lokaci. Na dama kuwa sai da na durƙusa na kwance masa igiyar. Ya naɗe wurin da tsumma da salatif. Likita ba ta taɓa tsumman ba tukuna. Ta ciro wani ɗan siririn zaren roba mai tauri, kamar gashin burushi, ta taɓa masa a hannu don ya san yadda ake jin sa. Ta ce ya rufe ido, duk lokacin da ya ji ta taɓa tafin ƙafarsa ya ce ya ji.

Ta sunkuya, kujerar ta yi ƙara, ta taɓa. "Na ji." Ta koma wani wurin, kujera ta yi ƙara. "Na ji." Har na fara sakin ajiyar zuciya. Sai na ga ta ɗago a hankali ta ajiye zaren a kan tebur, ta harɗe hannuwanta a ƙirji, ta ɗan motsa kujerar da ƙafa.

"Na ji," in ji Baba.

Ta sake motsawa.

"Nan ma na ji."

"Baba, buɗe idonka."

Ya buɗe. Ya ga hannuwanta, ya ga zaren a kan tebur. Ban taɓa ganin an kama Baba ba sai ranar, kuma na ɗauka zan ji daɗi. Tausayinsa ne ya kama ni, har na kasa kallon sa.

Ta tura kujerar gefe ta durƙusa, ta sake gwadawa ba tare da wata ƙara ba. Yatsu, tsakiyar tafi, dunduniya, ƙafa biyun duka. Yana rufe da ido yana jira, bai san ma ta fara ba. Sai da ta hau sama da idon sawu sannan ya ce ya ji, a sanyaye.

Da ta warware tsumman Mama ta kau da kai tana salati. Rami ne a gindin babban yatsa, bakinsa fari ya yi kauri, kewayensa ya kumbura ya yi ja har kan ƙafa. Likita ta sa safar hannu, ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai tsabta ta zura a ciki a hankali. Ya shige, ya ci gaba da shiga, har ya tsaya a kan wani abu mai tauri. Ni da nake kallo sai da tsigar jikina ta tashi. Baba ko gezau.

"Kin gani?" in ji shi. "Ba zafi. Da ciwon kirki ne ai da na ji zafi."

"Rashin zafin shi ne ciwon, Baba. Sukari ya kashe jijiyoyin da ke kawo maka labari. Abin da na taɓa yanzu ƙashi ne."

Daga nan ta ɗauki takalmin ta zura hannu ciki, ta yi saurin janyewa. Ta kifa shi. Wata 'yar ƙusa ce irin waɗanda ke zube a gareji, ta huda ƙasan takalmin ta ɓullo ta ciki, daidai wurin ramin. Baba ya karɓi takalmin ya matso da shi kusa da ido. Ya shafa kan ƙusar da babban yatsansa. Kan ya suɗe ya yi sumul yana ƙyalli saboda goga ƙasa. Ba wanda ya fi shi sanin tsawon tafiyar da ƙarfe ke yi kafin ya cinye haka.

"Wannan ta daɗe," ya ce, kamar da kansa yake magana.

Likita ta koma kan kujerarta. Ta ce za a ɗauki hoton ƙashi, za a kwantar da shi a sa masa magani ta jijiya, kuma da wuya a rabu ba a yi tiyata ba. Abin da ba ta sani ba tukuna shi ne daga ina za a yanke. Zai iya tsayawa a yatsa, zai iya kaiwa ƙasan gwiwa. Tana faɗin gwiwa na san Baba Babba ne ya faɗo masa a rai, don ni ma shi ya faɗo mini. Ta ce tana bukatar ta san yaushe ƙafar ta fara mutuwa, yaushe ramin ya buɗe, ko yana zazzaɓi, da kuma wace ƙwaya yake sha, don kada maganinta ya yi karo da nasa.

Baba ya gyara zama. Ko a nan sai da halin ya motsa.

"In na faɗa, me za ki rage mini?"

"Ba ciniki muke yi ba, Baba. Ni ba sayen ƙafar nan zan yi ba. Duk abin da ka ɓoye mini, kai za ka koma gida da shi."

Ya dubi takalmin da ke hannunsa. Sannan ya fara, muryarsa ƙasa-ƙasa, bai dubi kowa ba. Ƙafar ta yi shekaru yana jin ta kamar yana taka auduga. Ramin ya kai watanni. Zazzaɓi yana zuwa yana tafiya, yana shan maganin ciwon kai. Ƙwayar kuwa ta Mai-fenti ce, shi ma mai ciwon sukari ne, yakan ɗiba masa daga nasa duk lokacin da za a yi gwaji. Wannan karon ya ninka, don ya ji an ce na'urar babban asibiti ta fi gani.

"Malam," in ji Mama, "ni ka mayar mai dafa maka ƙarya? Ina tsaye a kan wuta ina tafasa ganye, ina cewa umarnin likita nake bi?"

Likita ta ce da yunwar da ƙwayar da ya ninka, da a kan hanya abin ya same shi yana tuƙi, da ba zancen ƙafa ake yi ba yanzu. Sai ta dafa bayan ƙafarsa da yatsu biyu, ta koma bayan idon sawu tana neman bugun jini. Ba ta gamsu ba, ta ɗauko wata 'yar na'ura ta shafa mai ta ɗora a wurin. Da farko shuu kawai muke ji. Can sai ga wani sauti, fuf, fuf, fuf, a raunane amma bai tsaya ba. Baba ya karkata kai yana saurare da dukkan hankalinsa. Ta ce jini yana isa ƙafar, kuma wannan ne abu mai kyau na farko da ta gani yau.

Sakamakon jinin ya fito sama can, inda ba a ko musu. Hoto ya nuna ƙashin babban yatsa ya ciwu, na kusa da shi ma ya fara. Aka ba shi gado kusa da taga. Kafin ta tafi, likita ta ciro alƙalami ta zagaye iyakar jan da ke kan ƙafarsa da layi. Ta ce in jan ya tsaya a cikin layin, yatsu za a cire. In ya tsallake ya hau, sai a sake magana.

Tana fita Baba ya yafuto ni. "Uwata, ɗauki hoton layin nan a wayarki."

"Don me?"

"Kada ina barci a matsar da shi."

Na ɗauka, don ban da ƙarfin faɗa. Kullum da safe in na kawo abin kari, kafin gaisuwa sai ya yaye zane mu haɗa kai ni da shi da Mama, muna gwada ƙafa da hoto. Jan ya matso, ya sake matsowa, har ya taɓa layin ta wajen idon sawu. Ranar Baba bai zargi kowa ba, bai yi wa nas gardamar allura ba, abinci ma sai da aka roƙe shi. Na fi son masifarsa sau dubu a kan wannan shirun. Mai-fenti ya zo dubiya da ledar lemo a hannu, na tare shi a bakin ƙofa na wanke shi tas, ya tsaya yana cewa shi taimako ya yi. Na ce ya je ya taimaki motoci.

Jan bai tsallake ba. Ya tsaya a kan layin kamar mai shawara, sannan ya fara ja da baya. Aka shiga da shi tiyata aka cire babban yatsa da mai bi masa, da ɗan ƙashin da ke bayansu. Ƙafar ta tsira.

Kada a ɗauka Baba ya zama wani mutum daban. Har yau bai ce wa likitar nan ya gode ba, yana ma cewa da ta so da yatsa ɗaya ya isa. Allurar sukarin da aka ɗora shi a kai sai ya ɗaga ta a haske ya karanta kwanan watanta kafin a yi masa. Ya koma filin mota da takalmi mai faɗin baki wanda ya tsana, yana tafiya yana ɗan karkata. Amma ranar asibiti yanzu abincinsa yake ci kamar kullum, kuma in aka tambaye shi yana amsawa, ko da yake sai ya haɗa da tsaki.

Kwanan baya na biya gidan da safe zan wuce aiki. Na same shi zaune a bakin gado ya gama shiri, takalman suna gabansa, ya riga ya zura hannu ya laluba cikin kowanne. Ƙafar tana kan cinyar Mama. Ta sa tabaranta tana bin tafin a hankali, ta buɗa tsakanin yatsu ukun da suka rage, ta duba tabon ɗinkin, ta duba dunduniya.

"Ba komai, Malam. Ƙalau take."

"Sake dubawa."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Ciwo take yi maka ne?"

"Ba ta yi," in ji Baba. "Shi ya sa na ce ki sake dubawa."